Abin da Ke Ƙasan Kofin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya duba ƙafar Baba. Gyambon babban yatsa ya ƙi warkewa. Ya ce in sugan jininsa bai sauka ba, sai dai a cire yatsan. Baba ya ce, "Likita, ni fa rabona da zaƙi tun bara." Na mara masa baya har da rantsuwa, tunda ni nake dafa masa komai.

Talata, 4 ga Maris
Ina wanke kofin shayinsa na ji wani abu kamar yashi a ƙasa. Na lasa. Sukari! Na nuna masa, ya yi mursisi, wai ƙila a jikin cokali yake. A gidan da na kwashe sukari kaf na ba maƙwabta?

Alhamis, 6 ga Maris
Tun ina yarinya Baba ba ya shan shayi sai ya huce, har Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce masa mai bakin jariri. Yau wai in kawo masa yana tafasa. "Tsufa ne, 'yar nan, sanyi ya shige ni." Kofi ya dawo fes. Na ji daɗi, amma ruwa ba ya tsami banza.

Asabar, 8 ga Maris
Abin ya tsaya mini a rai. Na ture ɗinkin mutane gefe, na ɗebo sukari a maƙwabta, na jera kofunan gilashi uku a kan teburin keke: ruwan firij, ruwan famfo, da tafasasshe. Kowanne cokali ɗaya. Na zafin, kafin in gama juyawa ya ɓace ɓat. Na famfo sai da hannuna ya gaji. Na firij kuwa ya yi zamansa a ƙasa, in juya ya tashi, in bari ya koma.

To ina yake zuwa? Ba a ganinsa, amma ga zaƙi a baki. Na kira Yaya, tunda shi ya yi boko mai zurfi. Ya ce wai ruwa ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, in sun ji zafi sai su yi ta guje-guje suna bangazar sukarin har su wargaza shi, in da sanyi kuwa kasala ke kama su. Na ce ashe ruwa ma halin mutane gare shi. Na bar na zafin ya huce, ko sukarin zai dawo. Bai dawo ba.

Sai da na zauna na gane. Baba ya riga ni yin wannan gwajin, kuma ko waya bai buga wa kowa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na bar shayin ya yi sanyi, na kai masa a kofi mai murfi, na laɓe a bayan ƙofa. Sai ƙarar cokali, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ba ƙarewa. Na faɗa ɗakin, ga ƙullin leda a cinyarsa. Abokinsa mai gyaran rediyo ke kawo masa, mutumin da nake shimfiɗa wa tabarma da hannuna.

Na yi faɗa. Na ɗaga wa Baba murya, Allah na tuba. Ya bari na gama sannan ya ce, "Uwarki cokali biyu take sa mini. Duk ranar da na sha babu, sai in ji kamar yau ta rasu." Ya mai da ƙullin aljihu, ni kuma na kasa miƙa hannu.

Laraba, 12 ga Maris
Ya daina shan shayi. Da safe ni kaɗai, ni da keke.

Juma'a, 14 ga Maris
Mun je wankin ƙafa. Da Baba ya fita na gaya wa likita komai. Na zaci zai yi faɗa, sai ya yi murmushi. Ya ce gara rabin ƙaramin cokali da na sani, sau ɗaya a rana tare da abinci, da cokali uku a ɓoye, kuma za mu ci gaba da auna jinin. Na ce ni dai ba da hannuna ba. Tsoro nake ji, yatsan nan har mafarkinsa nake yi.

Litinin, 17 ga Maris
Na tafasa ruwa, na jefa ganyen shayi. So nake kawai in ga ko rabin cokali ya fi saurin ɓacewa, ba wani abu ba. Ya fi. To kuma ba a zubar da shayi.

Na ajiye masa tare da abin kari. Ya kurɓa, ya dube ni, ya ajiye kofin a gefe. Na ce a raina ya ƙi. Ashe jira yake ya huce, kamar da. Ya shanye tas ya ce, "Yau ruwan famfon nan ya yi daɗi."

Da na koma ɗinki na tarar da ƙullin ledar a kan teburin keke, kusa da almakashi.