Shatin Yatsansa a Cikin Rediyo

Talata, 9 ga Maris, 1976
Zafi. Na kasa gama wanki. Rediyon Baban Christiana ya sake kaucewa. Allura tana kan jan fentin da ya ɗiga wa tashar Kaduna, amma ba kowa a wurin sai shuu. Sai na murɗa can gefe nake jin murya, ita ma kamar daga cikin rijiya. Wata goma sha ɗaya da rasuwarsa.

Alhamis, 11 ga Maris
Wasiƙa daga Christiana, daga makarantar nas a Kaduna. Ta kai kati gidan rediyo. Ran Lahadi 4 ga Afrilu da yamma, a shirin gaishe-gaishe, za a karanta sunan babanta don cikar shekara. Ta rubuta: "Mama, a nasa za ki saurara, kada ki je gidan kowa." Ba ta san halin da nasan yake ciki ba.

Asabar, 13 ga Maris
Na kwance bayan rediyon. Ban san me na je nema ba.
Takardarsa tana manne a murfin. Kwanan wata a jere da rubutunsa, kowane Nuwamba tun 1962. Na ƙarshe 1974. Da damina ta ɗauke yakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya fito da akwatin gwajinsa, mai yin fito a daidai lambar da aka sa shi. Ya yi ta juya 'yan ƙananan kusoshin ciki da sukundireban gora da ya feƙe da kansa, wai na ƙarfe yana ruɗa rediyo, har fiton ya dace da allura. A soja ya koya. Yakan ce duk abin da aikinsa sauraro ne, in ya tsufa sai ya karkace, har na'urar da ke gano jirgi a sama. "Ba ƙarya yake miki ba, Magdalena, kunnensa ne ya goce." In ya gama sai ya ɗiga kyandir a kan kusoshin don kada su motsa, ya danna da babban yatsa.
Shatin yana nan a kan kakin. Har tabon laujen da ya yanke shi yana yaro. Na jikinsa, shi kaɗai ya rage mini.

Lahadi, 14 ga Maris
Coci. Na dawo na kwanta.

Laraba, 17 ga Maris
Inno maƙwabciyata ta shigo da nono. Ta ce daga ɗaya ga watan gobe za mu zama 'yan Jihar Neja, an huta da zuwa Sakkwato. Na ce to. Ta same ni da kunne a jikin rediyo. "Ke Magdalena, kin gama naki zaman makokin, yanzu na rediyo kike yi?" Ta ce in kai wa Malam Buba mai gyara a kasuwa, ko in zo ɗakinta ran Lahadin. Ɗakin Inno cike da jikoki. Ina zan yi kukana a can?

Litinin, 22 ga Maris
Na naɗe shi a zane na kai. Malam Buba ya tsufa, tabarau ɗaure da zare. Shekara goma suna jere da Baban Christiana suna ƙwace wa juna masu kawo gyara. Ya tambayi batir, na ce sabo ne. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ce wasu 'yan kayan ciki biyu, kwandansa, sun bushe, wannan mai sauƙi ne, amma saiti ba ya yiwuwa sai an fasa kakin. Na ce ba wata hanya? "Maman Christiana, da akwai da na faɗa miki."
Na naɗe abina na dawo.

Juma'a, 26 ga Maris
Yau Kaduna ta ɓace gaba ɗaya. Na murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Saura kwana tara.
Na buɗe bayan na zauna ina kallon kakin har tuwo ya kama. Shi da bai taɓa barin rediyo ya kwana biyu a karkace ba. Da ya ga abin da na yi da nasa…

Talata, 30 ga Maris
Na aika Inno wurin Malam Buba jiya, ya zo da hantsi. Na fito masa da akwatin gwajin daga ƙarƙashin gado. Ya shafa shi ya ce, "Mijinki ko taɓawa bai taɓa bari na yi ba, marowaci. Allah ya ba shi hutawa." Inno ta ce to yau ka samu, kada ka ƙona.
Ya kunna akwatin ya bar shi ya yi ɗumi. Bai yarda da shi haka kawai ba, sai da ya gwada shi da tashar Kaduna a nasa rediyon da ya zo da shi. Ya ce mai awo ma yana tsufa, shi ma sai an auna shi. Ya sauya kwandansan. Sannan ya ɗauki reza ya dube ni. Na ɗaga kai.
Ya yi a hankali, na shaida. Duk da haka kakin ya rabu uku. Na tsince su na sa a gwangwanin mentilatum.
Fiton nan ya fara, siriri, yana juya gorar, yana ƙara ƙarfi. Na juya musu baya. Can sai muryar mai labarai, tas, allura a kan jan fenti daidai.
Ya ɗiga sabon kyandir, ya tsaya. "Ni yatsana ba zai shiga nan ba. Zo ki danna." Da zafi. Ban san da zafi yake ba, shi bai taɓa nunawa ba.

Lahadi, 4 ga Afrilu
Na rufe ƙofa tun la'asar. Gaisuwa wajen ashirin kafin tamu, har na fid da rai. Sai mai shirin ya ce daga Christiana a Kaduna zuwa ga mahaifiyarta a Kontagora, don tunawa da marigayi Irmiya mai gyaran rediyo. Ya fito sarai, kamar a tsakar gida aka kira shi.
Irmiya. Tun da muka yi aure ban taɓa rubuta shi ba.

Laraba, 7 ga Afrilu
Na rubuta 30 ga Maris 1976 a takardar murfin, a ƙasan nasa. Rubutuna bai kai nasa kyau ba. Na aika wa Malam Buba akwatin gwajin, aro ne, ya dawo da shi a Nuwamba ya duba mini. Inno ta ce ta ji ni ta katanga ina bin waƙar rediyo ina ɓarar gyaɗa. Inno da ƙari.
Gwangwanin yana ƙarƙashin matashi. Jiya ban buɗe shi ba. Aiki ne ya yi yawa.