Shafin da Ya Ɓoye Mini Sunana

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin ni ma ba wankakkiya ba ce a cikin labarin nan.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba abin ya fara. Na san lokacin ne saboda ni mai rubuta komai ce a ɗan littafi. Ina zaune a unguwar Djamboutou, a gidan kawuna mai fataucin shanu, tun rasuwar mahaifina. Ɗaki ɗaya muke da 'yarsa, zan kira ta Dija. Tare muka tashi, tare muka rubuta konkur, wato jarrabawar shiga wata makarantar koyon jinya a nan Garoua. Wanda ya ci rubutacciyar jarrabawa, sai a saka sunansa a shafin makarantar a intanet, da ranar da zai je ta baka.

A wannan lokacin na buɗe shafin a kwamfutata. Tambarin makarantar ya fito, kanun sanarwar ya fito, amma ƙasansa fari fat, babu suna ko ɗaya. Na kira Dija, ta leƙo ta kafaɗata ta ce ai ba su saka ba tukuna, ita ma haka ta gani a wayarta, in daina wahalar da kaina. Na yarda. Me zai hana in yarda? Ita ce ta yi kwas ɗin informatique, wato ilimin kwamfuta, ita ce ta saka mini duk abin da ke cikin kwamfutar.

Amma farin wurin ya dame ni, domin faɗinsa ya yi daidai da na jadawali. Kwana uku ina gwaji, ina rubuta kowane mataki. Na sake loda shafin, na goge tarihi da abin da burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ke ajiyewa, na ƙara girman rubutu na rage, na canza launi ko rubutun ne ya zama fari a kan fari. Shiru. Ranar Asabar na danne kunyata na tafi wani siber, shagon intanet, kusa da kasuwa. Mai wurin, wani dattijo Bafillace, ya buɗe shafin a na'urarsa, sai ga sunaye reras. Nawa na uku. Na Dija yana can ƙasa. Jarrabawar baka kuma ranar Litinin ta sama.

Ya dube ni ya ce, "Bingel," wato yarinya da Fillanci, "in yana fita a nan ba ya fita a taki, matsalar a gidanku take."

Ya koya mini in buɗe taga ta sirri, wadda ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza ba sa aiki a cikinta. Na buɗe, rubutu ya fito. Sai muka riƙa kashe manhajojin ɗaya bayan ɗaya, har muka zo kan mai toshe talla. A cikinta akwai wurin da mutum ke zaɓar abin da yake so a ɓoye masa da hannunsa. Layi ɗaya ne tak a ciki, adireshin makarantar da wannan jadawalin. Dattijon ya ce wannan ba ya rubuta kansa. Ya tambaye ni wa ke taɓa kwamfutar ban da ni. Na biya shi na fito.

Anti, kwano ɗaya muke ci. Ni nake yi mata bitar darasi har muryata ta dushe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita kafin jarrabawa, ni na zauna ina karanta mata tana kwance. Wace irin zuciya ce za ta tsaya a bayana, hannunta a kafaɗata, tana kallon farin da ita ta yi, ta ce mini ba su saka ba tukuna?

Ga nawa laifin. Ban yi mata magana ba. Ban ma goge layin ba, na bar shi yadda ta sa shi, ina duba shafin ta taga ta sirri in ba ta nan. Ranar Alhamis sai ga sabon rubutu da ja a cikin jadawalin: an dawo da jarrabawar baka zuwa Asabar. Na san Dija hoton shafin ta ɗauka a waya tun ranar farko, shi take dubawa. Da yamma ta karɓi kwamfutar, na ga ta buɗe shafin don ta tabbatar aikinta yana nan. Fari fat. Sanarwar tana gabanta, a ƙarƙashin abin da ta rufe da hannunta. Ina zaune a gefen gado da littafi a buɗe, kalma huɗu kawai zan faɗa. Ban faɗa ba. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, kuma wannan sanyin ne yake hana ni sukuni yanzu.

Ranar Asabar na ce zan je laburare, na wuce wurin jarrabawar. Ranar Litinin ta ci ado ta ce za ta gaida wata goggonmu a nan cikin gari, ta dawo da azahar idanunta jawur, ta kwanta ta juya wa ɗakin baya.

Na samu shiga. Wani abokin cinikin Kawu ya gaya masa ya ga sunayenmu mu biyu a jerin farko. Kawu ya tara mu, Dija ta ce ranar ce ta rikice mata. Ya juyo ya tambaye ni me ya sa ba mu tafi tare ba, na ce na ɗauka rukuni daban aka ba ta. Ƙarya na yi wa mutumin da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa. Ya ce tunda sakaci ya hana ta, ba zai sake tsaya mata ba, ƙarshen watan nan za ta tafi garin Maga ta taya goggonmu ta can sayar da shinkafa.

In na faɗa masa na ga canjin na yi shiru, mai yiwuwa ya bar ta ta sake gwadawa baɗi. Amma zai tambayi dalili, dalilin kuma zai tona abin da ta yi, kuma na san Kawu, ba zai sake kallonta da ido ɗaya ba. In na yi shiru, ta tafi. Jama'a, me zan yi?

Jiya tana ninke kayanta na buɗe kwamfutar, na nuna mata layin nan, na ce, "Dija, me na yi miki?"

Ta kalle shi, sannan ta ci gaba da ninke zanenta tana magana.

"Ba ki yi mini komai ba. Tun muna firamare, duk takardar da aka kawo gidan nan sunanki Baba yake fara nema. Sau ɗaya na so ya duba ya ga nawa."