Tsayin Habibu

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza.

Ki yi haƙuri da na dame ki. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Mu a Gwallaga alhamdu lillahi, sai dai raina a ɓace yake.

Ranar suna a gidan gwaggon Malam, maigidana, ɗanmu Habibu ya sunkuya zai shiga zaure. A gaban mata ta ce, "Ikon Allah! Mu dai ba mu da dogo a dangi. Ina aka samo wannan?" Aka kwashe da dariya. Yaron ya ji, Yaya. Tun ranar ya kasa haɗa ido da ni.

Ba na son giba, amma wannan ƙazafi ne. Su da suka tashi cikin yunwa da ƙyanda, ina za su yi tsayi? Habibu ya sha madara, ya ci ƙwai, an yi masa rigakafi. Sa'anninsa duk sun fi iyayensu tsayi, har da nata jikan! Malam ya ce in ƙyale ta, tsohuwa ce. Ni kuwa ba zan bari ɗana ya yi shakkar ubansa ba.

In je in same ta, ko ke za ki yi wa Malam magana? Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara. Don Allah ki amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Maryam