Sunan Malam Garba a Bakina

Daren Laraba, tsakiyar damina, 1998. Gusau.

Barci ya ƙi zuwa. Dokata a shirin wasiƙun masu sauraro ɗaya ce: wanda ya rubuto magana mai ma'ana, in karanta, in faɗi sana'arsa da inda ake samunsa. Masu cusa talla kuwa, sai kwandon shara. Sani na bar wa tace wasiƙun, don tare muka fara aikin rediyo.

Yau Malam Garba, wani manomi na ƙauyen Kekun Waje, ya tare ni a bakin ƙofar gidan rediyo. Ya ce, "Malam, mi na yi maka? Kan wuta-wuta da ta cinye mani dawa na rubuto, sai na ji ka ce ina yabon maganin basir. Har masallaci ana yi mani dariya."

Ashe Sani ke cire maganar mutane, ya bar sunayensu, ya rubuta tallan maganin surukinsa. Da na tambaye shi, ko kunya babu, wai, "Ai ka san sha'anin iyali."

Abin da ke cin raina, ba muryar Sani aka ji a Kekun Waje ba. Tawa ce.