Hoton Sagiru a Bakin Kogi

Hayyin Ashir, Alƙahira.

Zuwa ga ƙanwata Murja, a Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Muhammadu da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa da hawan bene biyar, mai gidan kuma har yau alkawarin gyaran famfo yake yi. 'Yarki Fiddausi ce riƙe da biro, tunda kin san ni ba boko ba allo mai nisa, na kuma gargaɗe ta ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Da gangan na ƙi kiranki a waya, don ke ba ki barin mutum ya kai aya. Takarda kuwa ba a katse ta.

Maganar hoton nan ce da kika turo wa Fiddausi bayan Babbar Sallah, na ɗana Sagiru durƙushe a bakin ruwa yana sakin kyandir a kogi. Kika ce ɗan Badamasi ya koma yi wa iskokin ruwa sadaka a ƙasar Biyetnam. Da a kaina kika tsaya da sauƙi, amma na ji sai da rabin unguwa suka gani. Wata biyu abinci bai zauna mini ba. Dama ina da tawa da yaron. Shekara uku ke nan da ya kwashi matarsa Safa, 'yar Musulmin can da suka haɗu a nan wajen karatu, ya bi ta ƙasarsu, ya bar mini shagon ɗinki ni kaɗai bayan na ce kada ya tafi. Tun ranar ban ƙara ɗaukar wayarsa ba. To da hoton ya zo, na rantse a gaban Fiddausi sai na je na gani da idona, in gaskiya ne in cire shi daga cikin 'ya'yana ido da ido, halas, wato shi ke nan. Ita ta gaya masa ina son zuwa, ba ta faɗi dalili ba. Da murnarsa ya aiko da tikiti.

Jirgi biyu na shiga kafin in isa. Garin da suke sunansa Hoi An, tsohon gari ne a bakin kogi, gidaje masu ruwan ɗorawa, zafi kuwa mai jiƙa riga tun kana zaune. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa masa ta hanci. Na ƙudura ba zan tambaye shi komai ba, don mai laifi ba ya rasa amsa. Kallo kawai zan yi. Aikinsa zagayawa da baƙi Larabawa masu yawon buɗe ido, tunda Larabci a bakinsa ya fi nawa.

Kwana na uku ya ce yau ne daren fitilu, wanda suke yi duk wata in farin wata ya cika. Da rana Safa ta kawo shinkafa da kifi, kuma gaskiya ta iya girki, wannan ba zan danne mata ba. Na ce wa Sagiru ya matso mu ci kwano ɗaya kamar yadda muka saba. Sai ya ce in ci kawai, shi sai an jima. Murja, zuciyata ta tafasa. Na ce a raina ko dai ya raina kwanon ubansa, ko kuma tsafin nasu ya hana cin abinci ranar. Da fushi na cinye nawa da nasa.

Da la'asar sakaliya muka shiga tsohon garin a ƙafa, don ranar ba a barin ko babur ya wuce. A ƙofar gidaje na ga ƙananan tebura an jera ayaba da furanni, turare na hayaƙi. Nan dai na kasa haƙuri na tambaya, ya ce mutanen garin ne ke yi wa kakanninsu da suka mutu. Ba zan ɓoye miki ba, wannan nasu ne kuma suna yi, gabana ya faɗi. Tsofaffin mata kuma na ta tallan 'yan akwatunan takarda masu kyandir a ciki, irin na hotonki sak. Rana na faɗuwa aka kashe wutar lantarki, sai fitilu na yadin siliki, ja da kore da shuɗi, rataye tun daga wannan bango har wancan. Ni tela ne, na duba ɗinkin guda ɗaya, babu inda zare ya kauce.

Sai na ga Sagiru ya dubi agogo, ya ja ni gefe zuwa matattakalar kogi, ya sa hannu a aljihu. Na ce to ga shi nan, ashana zai ciro. Maganar da na ɗauko tun daga Alƙahira na shirya ta a baki. Sai ya fito da dabino uku, ya yi bismillah, ya karanta addu'ar buɗa baki. Na tambaye shi azumin me. Ya dube ni da mamaki ya ce na fararen kwanaki mana, yau ai sha uku ga wata a lissafinmu, ko ba ni na koya masa ba tun muna zaune a unguwar Darrasa? Ya ce garin ba a jin kiran sallah, amma da ya ga an fara shirin fitilu ya san wata ya kusa cika, bai taɓa bari sun wuce shi ba. Na zauna a kan matattakalar nan. Sai kuma ya tambaye ni me ya sa ni ban tashi da shi ba. Na ce masa ni matafiyi ne. Ke kuwa zan gaya miki gaskiya, shekara bakwai rabona da wannan azumi, ga kifin mutum biyu a cikina.

Magariba a bayan shagon wata tela muka yi ta. Matar ba Musulma ba ce, amma ta keɓe masa tabarma mai tsabta saboda haka. Ni ya sa a gaba. Da muka fito na ga irin abin da ke hotonki da idona: wata baƙuwarsa 'yar Masar mai ciwon baya ta sayi kyandir don a ɗauke ta hoto, ta kasa sunkuyawa, shi ya durƙusa ya sakar mata. Ke nan. Duk da haka na yi masa faɗa, na ce daga yau ya bar wa masu kwale-kwale wannan aikin, ya ce to Baba. Maganar shago kuwa ba ta mutu ba, na gaya masa. Ban ce masa ma'alish, wato yi haƙuri, ba, uba ba ya cewa haka. Amma dabinon da ya miƙo mini na karɓa na ci, ya kuma san abin da hakan ke nufi. Yanzu in ya kira ina ɗauka.

Abin da nake so da ke guda ɗaya ne. Duk gidan da kika shiga da hoton nan, ki koma da takardar nan a karanta musu. Sai dai wajen maganar kifi, ki sa a tsallake.

Ki gaishe da Malam Muhammadu, da Nana Fatima da yaranta, da Zaid in ya zo hutu. Fiddausi na gaishe ki, tana ta dariya ban san dalili ba. Sagiru da Safa ma sun ce in gaishe da Gwaggo, ba su san abin da kika faɗa a kansu ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Yau sha biyu ga wata a nan, na ce wa Fiddausi ta ajiye mini abin sahur.

Yayanki,
Badamasi tela.