Mijina ya rasu yana ɗaukata hoto a gindin jirgi, danginsa na so in ce ba a gargaɗe mu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, cikin takaba nake rubuto muku, kuma ban san ta inda zan kama ba.

Ni 'yar Kafur ce, aure ya kai ni Malumfashi, 'ya'yanmu uku. Maigidana fataucin masara yake yi tsakanin Bakori da Funtua, mutum ne mai raha, ko buhu ake ɗorawa mota sai ya ciro waya ya ɗauka. Bana da aka gama girbi ya ce mu je Umara, ni ko ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba.

A filin jirgin, bas ce ta kwaso mu ta sauke mu kusa da matakala. Wurin ba kamar yadda nake zato ba ne, ƙara ta cika kunne, ga tankar mai, ga ƙananan motoci masu jan akwatuna suna ta kai da komo. Wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya tsaya yana cewa a bi layi, kada a tsallake zanen da ke ƙasa, ban da hoto, ban da tsayawa. Na ji shi sarai. Maigidan ma ya ji, don da ya ciro waya mutumin ya matso ya ce, Alhaji a yi haƙuri a mayar aljihu, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ya yi dariya ya ce to ranka ya daɗe. Mutumin na juyawa wajen wata tsohuwa da ta kasa hawa matakala, sai maigidan ya ce min, tsaya nan, hoto ɗaya tak, Inna ta gani. Mahaifiyata yake nufi. Ya ja da baya, ya ƙara ja, wai wutsiyar jirgin ba ta fito ba. Idonsa na kan waya. Ni kuma ina murmushi, har motar akwatunan ta zo ta bayansa ina murmushi, don ban gane abin da nake gani ba. Direban ya taka birki, na ga ya buɗe baki yana ihu, amma ƙarar inji ta shanye. Motar ta ture maigidan, kansa ne ya bugi ƙasa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Tun ranar ina ci, ina sallah, ina amsa gaisuwa. Mata na kuka a ɗakina ni ce ke miƙa musu ruwa. Har ana cewa na cika tawakkali, ni dai na san ba shi ba ne, kawai ba na jin komai.

To ga matsalar. Masu bincike sun aiko za su zo su ji ta bakina, tunda ni ce na fi kowa kusa. Direban an dakatar da shi, an ce maganar na iya kaiwa kotu. Yayan maigidan, Alhaji Babba muke ce masa, ya kira ni gaban uwar mijina ya ce in faɗa musu ba wanda ya gargaɗe mu, kuma motar da gudu ta zo. Ya ce ba zai yarda a riƙa cewa ƙaninsa hoto ya kashe shi ba, yaran su tashi ana nuna su da baki, kuma diyya, haƙƙin marayu, nake shirin zubarwa. Na ce Yaya ai an faɗa mana. Ya ce wa ya ji ban da ni. Hajiya, uwar tasu, ta dai juya min baya. Da na sake magana ya ce in na kunyata mamaci, in nemi inda zan ƙarasa takabata, yara kuwa na gidan ubansu ne.

Shekaranjiya mahaifiyar direban ta zo ta'aziyya, doguwar tafiya ta yi. Ba a bar ta ta wuce zaure ba. Ta taga na hango ta, ta ajiye ƙullin dabino a bakin ƙofa ta tsuguna ta yi addu'a ta tafi. An ce ɗan nata bai daɗe da aure ba, kuma tun ranar ba ya iya barci. Innata ta ce in yi shiru kawai, in ce ban tuna ba, ai kowa zai yarda da mai takaba. Amma na tuna, har kalar takalmin ma'aikacin na tuna.

Jibi za su zo. In faɗi gaskiya in rasa gida da wataƙila 'ya'yana, ko in bi Alhaji Babba a ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba, ko in fake da mantuwa? Malamai da iyaye na wannan zaure ku duba min. Yadda nake ɗin nan, duk wanda aka sa min a baki zan iya faɗa ba tare da muryata ta yi rawa ba, shi ya sa nake so mai sauran ji a zuciya ya gaya min. In ku ne, me za ku ce musu?