Ni Na Rubuta wa Ɗan Takararmu Amsoshinsa

Yaya mai filin nan, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa. Na gaji da juya maganar nan ni kaɗai, kuma duk ta inda na juya ta ba ta yi mini kyau. Ki sakaya sunana. In wasiƙar ta yi tsawo ki rage, amma kada ki rage wurin da na yi laifin.

Ni ma'aikaciyar sashen wanki ce a wani babban asibitin gwamnati. Shekarata ashirin da shida a ɗakin nan mai injina huɗu, biyu suna aiki, biyu muna ɗora kwanduna a kansu. Shekara tara ke nan kuma ina sakatariyar reshenmu na ƙungiyar ƙwadago, wanda ya haɗa masu wanki, masu shara, masu tura gadon marasa lafiya, masu girki da direbobi. Ba don na fi kowa ilimi aka ba ni ba. Duk ranar zaɓen shugabanni, da an zo kan kujerar sakatare sai kowa ya hau kallon takalminsa.

Idan zaɓen 'yan majalisar dokokin jiha ya zo, reshenmu yakan fitar da wanda zai mara wa baya a mazaɓar da asibitin yake, don nan yawancinmu muke zaune. A da, shugaban reshe da mutum biyu ne suke shiga ɗaki su fito da suna, mu kuma mu tafa. Sau biyu muka tafa, sau biyu wanda muka tafa wa ya shiga majalisa ya canza lambar waya. Ni ce na tada ƙura a taro har aka sake tsari. Yanzu muna aika wa kowane ɗan takara fom mai tambayoyi goma sha biyu, ya amsa ya sa hannu. Ni nake karɓowa, in kai shagon buga takardu a sake buga amsoshin, a cire suna a sa lamba. Kwamitin mutum biyar ya ba da maki ba tare da ya san na wane ne ba. Akwai sharaɗi ɗaya da tsofaffin shugabanni suka maƙala: in fom bai kai biyu ya dawo ba, a koma tsohon tsari. Ki riƙe wannan, Yaya, don shi ya kai ni ya baro.

Bana abin ya fi na kullum nauyi. Akwai ƙudirin da sabuwar majalisa za ta duba, na miƙa wanki da shara da girkin asibitoci ga 'yan kwangila. Mun ga yadda aka yi a wani wuri. An sallami mutane, kamfani ya sake ɗaukar rabinsu, ba fansho, ba hutun haihuwa. Ni saura shekara huɗu in yi ritaya, kuma an ce irinmu ba za a taɓa mu ba. Amma mata goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina, wasu ko shekara goma ba su yi ba.

'Yan takara biyu ne masu ƙarfi, sauran ko fom ɗin ba su dawo da shi ba. Ɗaya tsohuwar shugabar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Ɗayan kuma Injiniya ake kiransa, ko da yake ban san abin da ya taɓa ƙerawa ba, kuma shi kowa yake ganin zai ci. Malama cikin kwana biyu ta dawo da nata, har ta gyara mana kuskuren rubutu a tambaya ta huɗu da jan biro. Amsoshinta gajeru ne, ba gishiri. A kan batun kwangila ta rubuta cewa ba za ta yi alkawari kan ƙudirin da ba ta karanta ba, amma ba za ta jefa ƙuri'a ba sai ta zauna da mu. Raina bai so ba, gaskiya.

Injiniya kuwa sau huɗu ina zuwa ofishinsa. In tashi aiki ƙarfe biyu, ƙafafuna sun kumbura, in hau mota biyu, in zauna kan benci a ƙarƙashin hotonsa, a ce ya fita. Ranar ƙarshe, ranar da wa'adi zai cika, na tare shi a bakin ƙofa zai shiga mota. Ya gaishe ni kamar ya san ni tun ina yarinya, ya kira ni uwa, ya ce ai mu ne ƙashin bayan asibiti. Ya karɓi fom ɗin, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora kan motar ya sa hannu. Sannan ya mayar mini, ya ce ai na fi shi sanin matsalolinmu, in rubuta duk abin da muke so, ya amince. Kafin in buɗe baki an rufe ƙofar mota.

Na tsaya riƙe da takarda, sa hannu a ƙasa, sama fari fat. In na kai ta haka, fom ɗaya ke nan ya dawo, a koma shiga ɗaki, tsarin da na yi shekaru ina faɗa a kansa ya mutu a hannuna. Na kuma ce wa kaina, tunda shi zai ci, ai gara mu ɗaure shi da sa hannunsa. Washegari lokacin cin abincin rana, da kowa ya fita, na zauna a teburin da muke naɗe zanin gado na cike. Na fara da niyyar layi bibbiyu, sai hannuna ya ƙwace mini. Na rubuta yadda sinadarin wanki yake tsattsaga hannu. Na rubuta allurar da ake mantawa cikin zanin gado ta soke mu, da wata ukun da mutum yake yi yana jiran sakamakon gwajin jini, bai iya gaya wa kowa a gida ba. A tambayar kwangila na rubuta cewa ko shi kaɗai ya rage a majalisa zai ƙi. Na sa kwanan watan jiya na kai aka buga.

Ranar ba da maki muka taru a ɗakin ajiyar barguna, don nan ne ba a damunmu. Shugaban reshe na yanzu direban motar asibiti ne, mutum mai taurin kai da ban taɓa ganin hawayensa ba. Da ya zo kan amsar allura sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce ko wane ne lamba biyu, to uwarsa ta yi aikin wanki. Lamba biyu, wato Injiniya, ya cinye maki kusan duka, reshe ya mara masa baya. Ni kuwa ina gefe ina rubuta bayanin taro.

Yanzu maganata tana manne a kowane bango da hotonsa a kai. Abokiyar aikina da muke kira Doguwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta haddace amsar allurar, tana bi gida-gida tana karanta wa mutane. Makon jiya aka yi hira da shi a rediyo, aka tambaye shi batun kwangila, ya ce ai gwamnati ba ta da lokacin wankin zanin gado, amma za a duba. Doguwa ta ce 'yan jarida ne suka yanke masa magana, ai muna da shi a rubuce. Na sunkuyar da kai na ci gaba da guga.

Ranar Asabar za a yi babban taron reshe, zai zo, kuma ni aka sa in karanta amsoshin a gaban kowa. Saura mako uku zaɓe. Maigidana ya ce in rufa wa kaina asiri, wane ɗan siyasa ne yake rubuta abinsa da kansa? Ya ce in na tona, ni za a jefa, shi ko ƙura ba za ta taɓa shi ba, kuma ƙarshen tsarin nawa ke nan. Wani lokaci ina ganin gaskiyarsa. Ba kuɗi na karɓa ba, ko ruwa ban sha a ofishin nan ba. Amma na kasa haɗa ido da Doguwa. Na gaji, Yaya. Na gaji da ƙungiya, na gaji da benci, na gaji da kaina. In karanta in yi shiru, ko in faɗa in zubar da mutuncin shekara tara?

Taki,
Mai wankin da ta gaji

Ƙanwata, sannu da gajiya, kuma sannu da ƙarfin halin rubutowa. Ban rage komai ba.

Bari in fara da maigidanki, don bai yi maganar banza ba. Gaskiya ne 'yan takara suna da masu rubuta musu, kuma wanda ya sa hannu a farar takarda ya ɗauki nauyin duk abin da aka zuba a kai. Gaskiya ne kuma in kin faɗa za ki sha magana, wasu ma waɗanda ba su taɓa zaman benci don kowa ba su za su fi ɗaga murya. Tsoronsa na mai ƙaunarki ne, kada ki raina shi.

Amma ga inda lissafinsa ya kuskure. Mai rubuta wa ɗan takara yaronsa ne, ya san ra'ayin maigidansa yake rubutawa. Ke kuwa ke ce mai tsaron jarrabawar. Mutum biyar sun zauna suna zaton suna auna zuciyar Injiniya, alhali taki suke aunawa. Malama ta amsa da gaskiyarta aka kayar da ita da alƙalaminki. Ɗaurin da kika ce kin yi masa kuma, kin ji a rediyo yadda ya riƙe. Mutum ba ya jin nauyin alkawarin da bai ma san ya yi ba. Tsarin da kike tsoron ya mutu, ranar da kika zauna a teburin nan ya kwanta ciwo. Shirunki ba zai tashe shi ba, sai dai ya sa a binne shi ba tare da kowa ya sani ba.

Ga abin da nake gani. Kada ki karanta takardar nan ranar Asabar, kada kuma ki jira Asabar ki fasa ƙwai a gaban jama'a, don taron zai koma shari'arki, a manta da ƙudirin. Ki je wurin shugaban reshe tun kafin ranar, ki roƙi ya tara mutum biyar ɗin, ki faɗa musu yadda kika faɗa mini, da zuwa huɗun, da sa hannu kan mota, da sharaɗin fom biyu. Kada ki ƙawata, kada kuma ki yi ta zagin kanki, don wannan ma wata hanyar neman a tausaya ne. Kada ki riga su ajiye muƙami. Ki bar musu hukunci, in sun ce ki sauka ki sauka ba gardama. Doguwa kuma ki same ta ke da ita kafin ta ji a bakin wani. Ta fi kowa haƙƙi a kanki.

Sannan ki je musu da mafita, kada ki je da laifi kaɗai. A gayyaci 'yan takarar biyu ranar Asabar, a ajiye takarda, mai shara ko mai girki ya tashi ya yi musu tambayar kwangila baki da baki, kowa ya ji da kunnensa. Ba na ce Malama ce alheri ba. Amsarta ta gaskiya ce, amma ba alkawari ba ce, kuma mai yiwuwa ta karanta ƙudirin ta ga ya yi mata. Ba na kuma ce Injiniya ba zai iya ba ku mamaki ba. Abin da na ce shi ne a bar mutanenki su zaɓa da idonsu a buɗe. In bayan sun ji sun ce shi suke so don shi zai ci, wannan shawararsu ce, kuma suna da 'yancinta. Gaba kuma a cire sharaɗin nan na fom biyu, a daina aiken mutum ɗaya shi kaɗai bayan ya tashi aiki.

Na san kin gaji, kuma gajiya ce take raɗa miki cewa mako uku ne kawai, ki daure ya wuce. Ke zai wuce miki. Kunyar da za ki ji ta wata ɗaya ce ko biyu, za a yi gulma a gaji, kuma fanshonki yana nan ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. Matan nan goma sha ɗaya ba su da wannan gatan. Aikinsu ne za su ɗora a kan ƙuri'ar nan, kuma a yanzu ke kaɗai kika san cewa abin da suka jingina da shi ba bango ba ne.

Ki je gobe da safe, kafin ki kunna inji, kafin zuciya ta samo miki wani sabon dalili. Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa, ya sanyaya zukatan abokan aikinki a kanki, ya tsare musu abincinsu.

Yayarki